Goggo da Ɗakin da Ya Ƙi Bushewa

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Goggo, yayar mahaifina, ta rasu a ƙarshen daminar da ta wuce. An binne ta a ƙauyen mijinta da ke bakin kogi ta wajen Auyo, inda ta yi kusan dukan rayuwarta.

Ban taɓa ganin tsakar gidanta ya cika kamar ranar zaman makoki ba. Mata suka yi ta shigowa, wasu a kwale-kwale suka tsallako, har aka rasa tabarmar shimfiɗawa. Ina zaune ina amsa gaisuwa, amma kunnena yana kan abin da ake faɗa ƙasa-ƙasa.

Wata ta ce, "Sanyin ruwa ne ya shige ta. Tun shekarar ambaliya ba ta sake lafiya ba."

Ta kusa da ita ta ce, "Ke dai bari. Tarin fuka ne, ɓoyewa kawai suka yi."

Wata dattijuwa kuma ta ce mutanen ruwa ne suka biyo ambaliya suka tare a ɗakin, suka ƙi fita. Na lura akwai waɗanda aka miƙa wa ruwa daga randar gidan suka ce ba sa jin ƙishi, alhali rana tana dukan su.

Aminiyar Goggo, wadda suka yi amarci kusan lokaci ɗaya, ta rarrafo ta kama hannuna. Ta ce, "'Yar nan, katanga ɗaya ce tsakanina da ita. Ina jin tarinta daga ɗakina. 'Ya'yana suka hana ni shiga wurinta, ni kuma na hanu." Daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska.

Akwai kuma wata matashiya da ta zauna a ƙofar wani ɗaki da ɗa a cinya. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, ba ta sa baki a zancen kowa ba, sai dai duk tiren abincin da ya fito ita ta dafa shi. Zan zo kan labarinta.

Goggo ta haihu, amma Allah bai bar mata ko ɗaya a raye ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Idan mu da muka ci tuwonta muka yi shiru, nan da 'yan shekaru ba mai tuna an yi ta, sai dai a ce matar nan mai tari. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ita ta riƙe ni tun ina ƙarama har na isa shiga makaranta, sannan aka mayar da ni Haɗeja wurin iyayena. Sunan mahaifiyarsu ita da mahaifina aka sa mini, don haka bakinta bai taɓa kama sunana ba. "Uwata" take ce mini, tun ina yawo ba zane har na yi 'ya'yana.

Sana'arta gumin shinkafa. Manoma su kawo mata shanshera, wato shinkafa da ɓawonta, ta jiƙa, ta turara a rabin ganga, ta baza a rana, sannan a kai inji. Duk wanda ya ci shinkafar da ta bi ta hannunta ya san ta, ba ta karyewa, ba ta wari. Idan ta baza shanya sai ta zauna a inuwar darbejiya da dogon kara a hannu tana korar kaji, tana yi musu faɗa kamar mutane. Matan unguwa su kewaye ta, wannan tana tsinta, waccan tana kitso, ana ta hira har la'asar.

Tana da wata magana da ba ta rabuwa da bakinta. Ko me aka kawo mata, rigimar miji da mata ce ko zazzaɓin yaro ko akuya ce ta ɓata, sai ta ce, "Bari dai rana ta fito." Muna yara muna kwaikwayonta muna dariya.

Abu ɗaya ne ba ta iyawa, cin abinci ita kaɗai. Idan ta kwashe tuwo ba kowa a gidan, sai ta fita ƙofar gida da kwano a hannu ta tsaya. Duk macen da ta fara giftawa, ko baƙuwa ce mai tallan nono, sai ta ce, "Zo ki taya ni, ba ya wuce mini." Na taɓa ganin ta bar tuwo ya huce ya sandare don ba ta sami abokin ci ba.

Shekarar da ruwa ya fasa jingar da ke kare garin, kowa ya kwashi abin da ya iya ya hau tudu, aka tare a azuzuwan makarantar firamare. Ruwa ya yi makonni kwance a cikin gidaje. Da ya janye aka dawo, gidaje da yawa sun zama tarin laka. Gidan Goggo ɗaki biyu ne. Akwai tsohon ɗakin ƙasa da mijinta ya gina da hannunsa, akwai kuma na bulo mai daɓen siminti da Baba, wato mahaifina, ya gina mata daga baya. Dukansu sun tsaya. Na bulon ya bushe da wuri. Na ƙasar kuwa ya sha ruwa har gwiwa, ana ganin layin da ruwan ya tsaya a jikin bango.

Maƙwabcinta wani masunci ne, gidansa ya rushe gaba ɗaya. Matarsa, matashiyar da na ambata, a cikin aji ta haihu lokacin da ake gudun ruwa. Suka dawo ba inda za su sa kai, suka kafa buhuna a kan kangon gidansu. Goggo ta leƙa ta ga maijego a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da jariri a hannu. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta kira masuncin ta ce, "Kwaso kayanku ku shiga ɗakin simintin nan."

Ya ce, "Haba Goggo, ke kuma fa?"

Ta ce, "Ni ina da ɗakina. A cikinsa aka kawo ni, ban taɓa jin daɗin barci a wancan ba ma. Maza, kafin sanyi ya kama yaron nan."

Haka ta koma tsohon ɗakin.

Bangon bai bushe ba. Ƙasan ɗakin kullum da laima, idan ka ɗaga tabarma sai ka ga ta manne. Ba a daɗe ba funfuna ta fara fitowa, baƙi-baƙi da kore-kore, daga gindin bango tana hawa. Ta kama bayan gado, ta kama ƙasan katifa, ta kama ƙore da buzun salla. Wani wari ya zauna a ɗakin, irin na tsumman da aka jiƙa aka manta da shi. Goggo mace ce mai tsabta, abin ya dame ta. Ta sa busasshiyar tsintsiya ta kankare bangon, ƙura ta turnuƙe ɗakin tana ciki. Ta shafe da farar ƙasa, bayan 'yan kwanaki baƙin ya huda farin ya fito. Ta riƙa kunna turaren wuta safe da yamma don kashe warin. Da sanyi ya shigo kuma ta toshe 'yar tagar da tsumma.

Da atishawa abin ya fara, da ƙaiƙayin ido da yoyon hanci. Ta ce mura ce. Sai ciwon kai mai nauyi da take tashi da shi kowace safiya. Sai tari. Sai ƙirjinta ya fara kuka idan tana numfashi, kamar ana busa ƙaramin usur. Matar da ke ɗaga rabin ganga cike da shinkafa ta koma idan ta je rijiya sai ta huta a hanya. Ta sha jiƙe-jiƙe, ta sha maganin tari na kemis, ta yi sirace. Ta rame, wuyanta ya fito.

Ban san bakin da ya fara furta tarin fuka ba, amma cikin ɗan lokaci gari ya ɗauka. Masu kawo shanshera suka canza gida. Inuwar darbejiya ta koma ba kowa sai kaji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ita ma ta yarda. Da kanta ta ware kofinta da kwanonta. Da kanta ta ce wa matar masunci, "Kada ki ƙara kawo mini yaron nan. Ki ajiye abinci a bakin ƙofa ki koma." Don kada ta shafa wa kowa, sai ta daina zama a tsakar gida, ta shige ɗakin ta saki asabari, ta yini a ciki.

Labari ya iske ni a Haɗeja, na hau mashin na tafi. Na yi sallama a tsakar gida, na ji muryarta daga ciki, ta dushe.

"Uwata ce? Tsaya nan. Kada ki shigo."

Na ce, "Goggo, tun daga Haɗeja na zo, a waje za ki bar ni?"

"Kina da yara. Zauna nan bakin ƙofa, ina jin ki."

Na ɗaga asabarin na shiga. Warin ya buge ni har sai da na ja baya. Da idona ya saba da duhun sai na gan ta zaune a bakin gado, ta juya wa ƙofa baya, da kwanon tuwo a gabanta. Ta ci loma kaɗan ta bari. Na wanke hannu na zauna na sa hannu a kwanon. Ta riƙe mini wuyan hannu, na ƙwace, na ci. Ta daɗe tana kallona, sannan ta sa nata hannun. Muka ci tare har muka cinye. Kafin in bar ɗakin idanuna sun yi ja suna ƙaiƙayi, maƙogwarona yana kartawa. Ban kawo komai a raina ba, na ce ƙurar hanya ce.

Da ƙyar na shawo kanta ta biyo ni asibiti a Haɗeja. Aka gwada kakinta, aka sake gwadawa, aka ɗauki hoton ƙirji. Likitan ya ce ba tarin fuka ba ne. Ya yi ta yi mata tambayoyi, da me take girki, ko tana aiki cikin ƙura, yaushe tarin ya fi tsanani. Ta ce da safe, da kuma duk lokacin da ta daɗe a ɗaki. Ya ce, "Iya, yaya ɗakin naki yake?" Ta ce lafiya lau. Ni na ba shi labarin bangon.

Ya ajiye biro ya ce, "Funfunar nan tana sakin wata ƙura da ido ba ya gani. Duk numfashin da ta ja a ɗakin, da ita take ja. Wani ba ta yi masa komai sai atishawa, wani kuma, musamman tsoho, takan kumbura masa hanyoyin iska, idan aka daɗe ta taɓa huhun kansa. Nata ya riga ya taɓu. Zan ba ta magani da abin shaƙa, amma babban maganin shi ne kada ta sake kwana a ɗakin."

Goggo ba ta ji ƙarshen maganar ba. Ta matso ta ce, "Ɗan nan, tsaya. Kana nufin ba na shafa wa mutane?"

Ya ce, "Ba kya shafa wa kowa, Iya."

"Ko jariri?"

"Ko jariri."

Sai ta fashe da kuka a gaban likita, ita da ban taɓa ganin hawayenta ba ko ranar da mijinta ya rasu.

Ta zauna a gidana, sauƙi ya fara samuwa. Kukan ƙirjin ya ragu, ta fara cin abinci, har ta karɓe mini tsintar shinkafa tana kushe wadda nake saya. Amma zaman birni bai karɓe ta ba. Idan na tafi aiki yara suka tafi makaranta, sai in dawo in same ta a zaure ita kaɗai tana kallon masu wucewa, ba wanda ta sani, ba wanda ya san ta. Da aka fara yankan shinkafa ta ɗaure kayanta ta ce gida za ta.

A nan suka yi rigima da Baba, irin wadda ba su taɓa yi ba. Ya zo gidana ya same ta da ƙunshin kaya a gaba.

Ya ce, "Yaya, ba ki ji abin da likita ya ce ba? Idan dole sai kin koma, to mutanen nan su fita su ba ki ɗakinki. Ni na gina shi, don ke na gina."

Ta ce, "Su fita su je ina?"

"Wannan ba matsalata ba ce. Ke ce tawa."

"To ka gina ka ba ni, ni kuma na ba da aro. Ko za ka ƙwace kyautarka ne?"

Baba ya ɗaga murya, ya ce gobe zai aika a rushe tsohon ɗakin kowa ya huta. Goggo ta miƙe tsaye, tana haki, ta ce, "Ni na goya ka. Ni na tauna na ba ka lokacin da Inna ta kwanta ciwo. Ka taɓa ɗakin nan ka gani. Abin da ya rage mini na mutumin nan ke nan, azarar da ke sama da kansa ya saro ta."

Baba ya saɓa babbar rigarsa ya fita. Suka daɗe ba sa magana, sai dai ya ba ni saƙon magani in kai, ita kuma ta tambaye ni ko ƙafarsa ta daina ciwo, ta ce kada in ce ta tambaya.

Ta yi mini alkawari a rumfa za ta riƙa kwana, kuma ta cika alkawarin duk tsawon rani. Masuncin ya yi mata rumfar zana a tsakar gida, shi kuma ya dage da buga tubali don ya ta da nasa ɗakin su ba ta wuri. Shi da matarsa sun roƙe ta su yi musaya, su koma na ƙasar. Ta ce, "Idan ɗakin ne ke da cuta, yaro zan sa a ciki? Ku ma ku yi tunani mana."

Ta koma da murnar za ta faɗa wa gari cewa ba ta da tarin fuka. Ta bi gida-gida tana faɗa. Aka yi ta ce mata madalla, Allah Ya ƙara sauƙi. Amma ba wanda ya dawo da shanshera. Wani ma cewa ya yi bai taɓa jin inda bango ya sa mutum tari ba, duk ɗakunan garin ai sun sha ruwa. Matar masunci ce kaɗai ta dawo mata. Ita take kawo kwanonta su ci tare, ta ɗora mata yaron a cinya. Ta gaya mini Goggo takan fito da tabarma babba ta shimfiɗa a gindin darbejiya da hantsi, irin wadda mutum biyar za su zauna, ta zauna a gefe ɗaya har la'asar, sannan ta naɗe.

Damina ta faɗi da wuri, kafin masuncin ya yi rufi. Ruwan farko mai iska ya ɗauke rumfar. Goggo ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakin, ta hana a gaya mana. Bangon da ya yi kamar ya bushe da rani ya sake jiƙewa daga ƙasa, funfunar ta dawo fiye da da. Hanya kuma ta yanke, ruwa ya shafe ta, sai a kwale-kwale. Lokacin da matar masunci ta karya umarninta ta sa aka kira ni, Goggo ba ta iya haɗa kalma uku ba tare da ta tsaya neman iska ba.

A kwale-kwale aka fito da ita ta cikin ciyawar kacalla, masuncin yana tuƙi, matarsa ta rungume ta, har bakin titi inda Baba yake jira da mota. A asibiti aka sa mata iskar oksijin. Likita ya kira mu gefe ya ce huhun ya gaji, a yi ta addu'a.

Baba ya zauna a gefen gadonta. Ta buɗe ido ta gan shi, ta janye abin da ke hancinta ta ce, "Ka ci abinci?"

Ya ce, "Na ci, Yaya."

"Ƙarya kake. Uwata, samo masa wani abu." Ta huta, sannan ta ce, "Yaran nan, kada ka tashe su sai sun yi rufi." Ya ce ya ji. Ta ce a mayar da ita gida a binne ta kusa da mijinta, kuma kada a wahalar da kowa, likkafaninta yana cikin adaka a ƙarƙashin gado, ta daɗe da tanadarsa. Washegari da hantsi ta cika, da kalmar shahada a bakinta.

Da muka isa da ita ƙauyen, ni da matar masunci muka shiga ɗakin muka jawo adakar. Murfin ya kumbura, sai da muka sa wuƙa. A ciki akwai atamfofin da muka yi ta kai mata da salla, ko ɗinka su ba ta yi ba, duk sun manne da juna. A can ƙasa muka sami likkafanin, ta naɗe shi da kyau ta sa a leda ta ɗaure. Na kwance na warware. Farin yadin ya yi ɗigo-ɗigo baƙi tun daga wannan baki har wancan, wani wurin ma yatsa na shiga.

Na fito da shi tsakar gida na nuna wa Baba. Ya karɓa ya ɗaga shi a rana, ya daɗe yana kallo. Sai ya zauna a ƙasa da yadin a cinya, dattijo mai furfura, yana kuka yana cewa, "A nan take kwana. A cikin wannan take kwana." Aka aika Auyo aka yanko wani.

Bayan an share makoki Baba ya sa aka rushe ɗakin, aka ƙone katifar da tabarmin. Azarar kaɗai ya ce a ajiye. Masuncin ya yi rufinsa, sun koma gidansu, sun share ɗakin simintin sun rufe. Kwanan baya na je ƙauyen, na shiga gidan, na buɗe baki zan yi sallama, sai na rasa ƙofar da zan fuskanta. Na tsaya a tsakar gida na yi sallamar duk da haka, na jira kaɗan, sannan na fito.

Ya Allah, baiwarKa ta ba da busasshen ɗakinta ta kwana a jiƙaƙƙe. Ka yafe mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa iskar Aljanna ta riƙa shiga mata. Ka haɗa ta da mijinta da 'ya'yan da Ka karɓa tun suna ƙanana, kada ta sake zama ita kaɗai. Amin.